Tapisa da Takalmin da Ya Fito daga Kufai

Ni kawun Tapisa ne, ƙanin mahaifiyarta, amma tun ranar da aka haife ta Baba nake ce mata. Mahaifinmu Sigluk ya rasu a ƙarshen hunturu, ita kuma ta zo duniya kafin ƙanƙarar teku ta fashe, sai aka ba ta sunansa, ƙari a kan nata na Tapisa. A wurinmu wanda ya ci sunan mutum ya zama shi ke nan. Don haka mahaifiyata Atuat maigida take kiranta, ita kuwa tun tana tatata take ce mini ɗana, har da ɗaure fuska idan na yi abin da bai gamshe ta ba.

Ta taso da taurin kai irin na mai sunanta. Ta fi son zama a kwale-kwalena da zama a aji, kuma ana saura kaɗan ta gama sakandare ta sami ciki, ta bar makaranta, ta haifi 'ya mace. Daga nan ta kama aiki a kantin garinmu na Kangiluk, can ƙarshen arewacin duniya, tana jera gwangwanaye a kanta. Duk lokacin da na wuce ta bayan kantin sai in gan ta tsaye a bakin ƙofa tana zuƙar taba, idonta a kan teku. Ba wanda ya ce ta lalace, amma ba wanda yake tsammanin wani abu daga gare ta kuma.

Wata bazara aka yi sanarwa a rediyon gari cewa wata malama daga wata jami'a a kudu, Dakta Brassard, ta shirya da majalisar gari za ta ɗauki matasa zuwa kufan da ke tsallaken mashigin ruwa, ta koya musu tonon kayan mutanen dā. Kowa ya san kufan. Gidajen dutse ne da ciyawa da suka rufta, haƙarƙarin arvik, ƙatuwar dabbar tekun nan, yana leƙowa daga cikinsu fari fat. Ni aka ɗauka in riƙa kai su da kwale-kwale, in kuma tsaya da bindiga saboda nanuk, ƙaton naman dajin ƙanƙara mai cin mutum, don farin dodon nan ba ya sallama idan zai zo. Tapisa ta ba da sunanta. Da na tambaye ta dalili sai ta ce ta gaji da kallon gwangwanin wake.

Atuat ce ta fi kowa ƙin abin. Tana yarinya ta ga wasu Turawa sun zo da jirgin ruwa, suka ɗaga duwatsun kaburbura, suka kwashe ƙasusuwa da kayan da aka binne mutane da su, suka tafi, ba a sake jin labarinsu ba. Ta buga waya rediyo ta faɗi haka, gari duka yana ji. Washegari Dakta Brassard ta zo gidanmu da kanta, ta tuɓe takalmi, ta zauna a ƙasa, ta ci daskararren kifin da aka yanka mata, ta saurari tsohuwa har ta gama ba ta katse ta ba. Sannan ta ce ba za a taɓa kabari ko ɗaya ba, gidajen da teku ke ci kawai za a tona, kuma duk abin da ya fito na garin ne. Atuat ba ta ce ta yarda ba. Ta juya wajen Tapisa ta ce, "Maigida, dā can ma ba ka jin maganata, yanzu ne za ka fara?"

Tapisa ta ce, "Zan dawo miki da tsaraba, matata."

"Ka dawo da gwiwoyinka dai."

Tsohuwa ta san abin da take faɗi, don aikin na durƙuso ne. Malama ta ja zare ta yanka ƙasa gida-gida, ta ba kowa nasa, da cokalin magina da burushi da bokiti. Ana kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, kamar mai kankare kitse daga fata. Idan abu ya leƙo ba a taɓa shi sai an auna, an zana, an ɗauki hoto. Sauro kuwa ya samu biki. Tapisa ba ta da haƙurin wannan. Wata rana ta ga bakin wani ƙashi ya fito, sai ta haƙa rami kewaye da shi ta zaro shi, ta ruga wajen Malama tana murna. Kan mashi ne, mai kyau, har da hudar igiya.

Malama ta karɓa ta duba, ta yaba, sannan ta tambaye ta ina yake kwance, ina bakinsa ya dosa, me ke ƙarƙashinsa, me ke kansa. Tapisa ta waiwaya ta dubi ramin da ta haƙa. Malama ta ce mata, ba da faɗa ba, kan mashi irin wannan akwai su da yawa a duniya, abin da babu shi ne labarin wanda ya ajiye wannan a nan, kuma labarin yana cikin ƙasar da ta watsar. Daga nan ta mayar da ita kan rariya, inda ake tankaɗe ƙasar da sauran suka kwaso.

A cikin ɗaliban akwai Isaki, ɗan maƙwabcinmu, wanda ya girme ta kaɗan kuma bakinsa ba ya hutawa. Shi ya laƙaba mata Yanyawa, wai ta fi kowa iya tonon rami. Ta zo ta same ni a bakin ruwa ta ce in mayar da ita gida. Na nuna mata teku, iska ta tayar da shi, na ce ko mai sunanta ba zai tsallaka yau ba. Ta ce ni ɗa ne marar biyayya, ta koma kan rariyarta tana ƙunƙuni.

A kan rariyar nan abin ya kama ta. Ƙananan ƙasusuwa ne ke saura idan ƙasa ta zube, Malama kuma ta zauna da ita ta koya mata bambanta su: wannan na natsik ne, dabbar ruwan nan mai kitse da muke ci kullum, wannan na agwagwar ruwa, wannan na barewa. Ta nuna mata yadda ake gane ƙaramar dabba daga babba, da yadda hakan ke faɗin lokacin da aka yi farautar. Tapisa ta sha feɗe natsik, amma ba ta taɓa sanin ƙashinsa na iya ba da labari ba. Wata rana muna shan shayi da burodin kasko ta ce mini mutanen gidan nan sun sha wuya a wata shekara, don a wani layin ƙasa ba komai sai ƙashin tsuntsaye da na kare, an farfasa su don a tsotse ɓargo. A layin da ke sama kuma natsik ya dawo da yawa. Ta ce, "Sun tsira, ɗana. Sun ci karnukansu, amma sun tsira." Ta bar shayinta ya huce ta koma aiki.

Da hunturu ya zo ta shiga ajin manya ta ƙarasa sakandarenta, tana aikin kanti da rana, 'yarta na wajen yayata, mahaifiyarta. Bazarar da ta biyo baya Malama ta ba ta gidanta na tono, kuma zanenta ya zama abin da ake nuna wa sababbi. A ta uku aka sa sunanta a takardar izinin gwamnati a matsayin mataimakiya.

Wannan bazara ta uku ita ce ta sauya komai. Ƙanƙarar teku ta tafi da wuri, kuma guguwar kakar bara ta riga ta cinye gaɓar. Da muka isa muka tarar gidan da ya fi kusa da ruwa rabinsa na rataye, ƙasar da ta saba zama daskararriya tana narkewa tana zubewa kamar kunu. Malama kuwa tana maƙale a Iqaluit, babban birnin yankinmu, hazo ya hana jirgi sauka a garinmu kwana da kwanaki. Rediyo na cewa babbar iska na tafe daga arewa maso yamma. Tapisa ta kira ta a wayar tauraron ɗan adam ta faɗa mata halin da ake ciki. Ina tsaye kusa na ji muryar Malama tana cewa, "Idan kun jira ni teku ne zai tona shi. Kin san aikin, Tapisa. Ki fara."

Ba a sha da sauƙi ba. Ɗaliban sa'o'inta ne, wasu 'yan uwanta, kuma kowa na ganin ruwa na matsowa. Isaki ya ce a bar zane da awo, a kwashe abin da za a iya a gudu. Wasu suka goyi bayansa. Tapisa ta ce babu abin da zai tashi daga wurinsa sai an zana shi, wanda bai yarda ba ga kwale-kwale can, ɗanta zai kai shi gida.

Isaki ya ce, "Yau Yanyawa ce ke hana tonon rami?"

Ta ce, "Ita ce. Ɗauki ma'auni ka riƙe mini wancan gefen, bakinka ya huta."

Aka yi dariya, ya ɗauka. Ta raba su biyu, rabi na tono, rabi na tara duwatsu da buhunan yashi a gaban gaɓar don rage ƙarfin ruwa. Ni ma na jingine bindiga na shiga ɗaukar dutse. Rana ba ta faɗuwa a wannan lokacin, sai aka riƙa yin aikin bi da bi, wasu na barci wasu na durƙushe.

A ƙarshen ɗakin akwai dakalin dutse inda mutanen gidan ke kwana. Da aka zana shi aka ɗaga falalen duwatsun, sai aka tarar ƙasar ƙarƙashinsa tana nan a daskare kamar ƙarfe. Tapisa ta sa aka ɗora butar shayi, ta riƙa zuba ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan tana sharewa da burushi. Wani baƙin abu mai laushi ya fara bayyana. Ta ce kada kowa ya matso. Ta daɗe a kife a wurin, hannuwanta sun yi ja saboda sanyi, har abin ya fito gaba ɗaya. Takalmin yaro ne na fatar natsik, bai fi tafin hannuna ba, da igiyarsa a ɗaure, da busasshiyar ciyawar da ake cusawa a ciki don ɗumi.

Isaki, wanda matarsa ta haihu a hunturun nan, ya juya baya ya yi kamar yana gyara buhun yashi. Tapisa ta auna, ta zana, ta ɗauki hoto ta kowane gefe, sannan ta yanko shi da ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta ɗora a kan faranti. Ta san idan ya narke ya bushe zai ruguje. Ta sa na zazzage kifina daga akwatin sanyi, muka shimfiɗa ƙanƙara muka kwantar da shi a ciki.

Muka kwashe tantuna iska na fara kaɗawa. Tsallakawar nan tana cikin mafi muni da na yi a rayuwata. Ruwa na dukan gaban kwale-kwale yana zubo mana, yara na kwarfewa da bokitan tono, ita kuwa ta zauna a ƙasa ta rungume akwatin da hannu da ƙafa. Da iska ta lafa bayan 'yan kwanaki na koma na duba. Babu gidan, babu buhunanmu, sai tsakuwa da kumfa.

A ɗakin sanyin gari, inda mafarauta ke ajiye nama, aka sa akwatin, tsakanin cinyoyin barewa. Isaki ya yi ta yawo yana cewa a yi hattara kada wani ya dafa shi da romo. Labari ya bazu, mutane suka yi ta zuwa. Atuat ba ta zo ba sai da Malama ta sauka ta je har gida ta roƙe ta, ta ce akwai abin da ba ta gane ba a ɗinkin, tana so a duba mata.

Na kawo tsohuwa a bayan babur mai ƙafa huɗu. Ta sa tabarau ta sunkuya, Tapisa na haska mata. Ta daɗe tana kallo. Sai ta nuna da farce, ba ta taɓa ba, ta ce wannan ɗinkin da allura ba ta huda fata gaba ɗaya ne, ta shiga rabi ta fito, don kada ruwa ya shiga, kuma haka mahaifiyarta ta koya mata. Ta bi tattarar gaban takalmin ta ce matar gwana ce. Da ta zo kan facin diddige sai ta taɓe baki.

"Nan kam ta yi ha'inci. Ko dai sanyi ya matso tana sauri, ko kuma yaron ya ishe ta da kuka."

Malama ta ce mata bisa ga irin gidan da kayan da ke ciki, takalmin zai kai shekara wajen ɗari bakwai. Atuat ta cire tabarau ta goge ido da bayan hannu. Ta ce ita ta ɗauka baƙi za a tono mata, ashe mutanen gida ne.

Sai ga wata matsala. Ba za a iya barin takalmin a cikin nama har abada ba, kuma masu iya gyara tsohuwar fata yadda ba za ta lalace ba suna kudu. Aka kira taro a zauren gari. Dattawa da yawa suka ce abin da ya tafi kudu ba ya dawowa, sun gani da idonsu. Aka yi ta ja har Atuat ta ɗaga hannu. Ta ce ita ce ta fara ƙin wannan aiki, kuma har yanzu ba ta yarda da alkawarin takarda ba. Amma idan maigidanta zai bi takalmin, ya zauna inda yake, ya koyi abin da ake yi masa, ya dawo da shi, to ta yarda. Dama Malama ta daɗe tana yi wa Tapisa maganar jami'a tana nonnoƙewa saboda 'yarta. A gaban gari duka yayata ta miƙe ta ce yarinya tana hannunta, Baba ya tafi.

Shekarar farko a jami'a ta sha wuya. Ta ce zafi kamar a tukunya, itatuwa sun tare ko'ina mutum ba ya ganin nesa, mutane na magana da sauri kuma ba sa jira ka gama tunani. Ta faɗi jarrabawarta ta farko ta ilimin sinadarai. Ta kira ni ta ce ta haɗa kaya. Na ce to, amma ta fara kiran matarta Atuat ta faɗa mata da bakinta. Ba ta kira ba. Na samu wani ɗan uwanmu da za a kai asibiti a birnin da take, na ba shi daskararren natsik da kifi ya kai mata. Ta gayyato wasu 'yan arewa da ta haɗu da su a can, suka shimfiɗa kwali a ƙasan ɗakinta suka ci da wuƙa. Ta sake jarrabawar ta ci. Bayan darasi takan je ɗakin gyaran kayan tarihi, har ya zama da hannunta aka ƙarasa aikin takalmin. Kowace bazara kuma tana dawowa gida ta ja ɗalibai zuwa kufai.

Ranar da ta karɓi digiri mun taru a zauren makarantar garinmu muna kallo a majigi. Ta hau dandamali da takalman fata da Atuat ta ɗinka mata a ƙarƙashin baƙar rigar jami'a. 'Yarta, wadda ta fara zama budurwa, ta tsaya a kan kujera don ta gani da kyau.

Kafin ta dawo majalisa ta gyara ɗaki ɗaya a makarantar, aka sa akwatin gilashi mai daidaita sanyi da laima. Ranar saukarta gari ya ƙaura filin jirgi. Ta ƙi yarda a sa akwatin takalmin cikin kaya, a kan cinyarta ya yi tafiyar. Ta sauko ta wuce shugaban majalisa da limamin coci da suka miƙo hannu, ta nufi keken guragun da Atuat ke zaune, ta durƙusa ta ɗora mata akwatin a cinya. Ba takalmin kaɗai ta kawo ba, duk abin da aka tono tun bazarar farko aka kai kudu don nazari yana cikin jirgin. Tsohuwa ta ɗora hancinta a kumatun Tapisa ta shaƙa, irin gaisuwarmu, ta ce ta rame. Atuat ta rayu har ta ga matan gari sun zauna a ɗakin nan sun kwaikwayi takalmin, tana gyara musu. Ta rasu hunturu biyu bayan haka.

Yanzu da sunan Tapisa ake ba da izinin tono a yankinmu, kuma da harshenmu take koyarwa. Isaki ne mataimakinta, har yau bakinsa bai huta ba. Ɗalibanta biyu suna jami'a. Masu bincike daga kudu idan za su zo ita suke fara nema.

Bazarar da ta wuce wani gari da ke gaba da mu a gaɓar ya aiko a zo a buɗe musu irin wannan makarantar tono. Ni na kai ta. Bayan ta gama bayani a zaurensu, wani dattijo ya matso, ya zaro wani ƙulli daga aljihun rigarsa ya kwance. Ɗan mutum-mutumin tsuntsu ne na haure, ya yi santsi saboda taɓawa. Ya ce tun yana saurayi ya tsince shi, bai taɓa nuna wa wani baƙo ba don kada a raba shi da shi. Ya miƙa mata. Ta duba shi sosai ta mayar masa a tafin hannu, ta ce ya ci gaba da riƙewa, abin da take so shi ne ya nuna mata inda ya same shi, idan bai manta ba. Ya ce bai manta ba, amma da nisa, kuma akwai duwatsu a mashigar. Ta waiwayo ta ce mini, "Ɗana, ka cika tanki." Da safe muka tafi, dattijon na zaune a gaba yana nuna mini hanya da hannu.